Ramar da na kai wa Gwaggo Birmingham

Unguwarmu Withington zuwa tasha

Ƙarfe biyar da minti ashirin na fito, gari bai waye ba, Asabar ɗin farko ta Afrilu. A hannuna akwai leda cike da ganye. Jiya da yamma na tsinke shi, da safar hannu saboda sanyi, a bayan gidan tsohuwar Baturiyar da nake kula da ita, can gefen magudanar ruwa inda ƙasa ba ta bushewa. Ganye ne mai yatsu biyar, sak rama. Gwaggo Binta, ƙanwar babana, ta shekara shida tana mitar kwaɗon rama, ga shi ba a zuwa gidan manya hannu rabbana. Na ɗibar wa Maryam, wadda muke zaune gida ɗaya, na sa mata a firiji da 'yar takarda: "Rama ce, ki dafa."

Bas ta bi Oxford Road, titi wayam. Shida da rabi babbar motar Birmingham ta tashi, tikiti fam tara.

A hanya

Mil tamanin da 'yan kai ne. Wajen garin Stoke na buɗe ledar na jujjuya ganyen da hannu don kada ya yi gumi. Jim kaɗan yatsuna suka fara tsikari, kamar na kwanta a kansu. Na ce sanyi ne.

Handsworth, unguwar su Gwaggo

Tara da kwata muka sauka, goma saura na shiga gida. Gwaggo ta rangaɗa guɗa.

"Rama a ƙasar nan? Hauwa'u, Allah ya yi miki albarka!"

Kafin in cire takalmi ta ɗora tukunya, ta hau dakan ƙuli-ƙuli. Mijinta, Kawu Isa, wanda aikinsa haɗa magunguna ne, ya leƙo kicin yana tsokana.

"Hajiya, ko ɗanɗane ba za a ba talaka ba?"

Ya zaro ƙwaya ɗaya da ta fito da saiwarta, baƙa-baƙa, kamar ƙaramin karas. Dariyar ta ɗauke.

"Kashe wutar nan. Hauwa'u, wane irin fure yake yi?"

Na ce ban taɓa gani ba. Sai na tuna hoton da na ɗauki tsohuwa bara a daidai wurin. Bayanta dogayen furanni ne shuɗaye, kowanne kamar hular da aka kifa. Na ce ai waɗannan sun mutu tun hunturu.

"Na sama ne ya mutu," in ji shi. "Monkshood kenan. Asalinsa fadamun kan tsaunuka, inda ƙanƙara ke narkewa ta jiƙa ciyawa. Saiwar tana kwance a ƙasa, duk shekara ta sake tohowa. Daga ganye har saiwa guba ne, tafasa ba ta sa ya ciwu."

Ya sa na wanke hannu da sabulu, ya kira layin asibiti, suka ce in zauna a sa mini ido. Ina zama na tuna firiji.

Sau goma sha ɗaya na kira Maryam. Tana aiki a asibiti, wayarta a kulle a akwatin ajiyar ma'aikata, sai bakwai na yamma take tashi. Na tura saƙo, bai nuna ta gani ba.

Komawa

Tsikarin ya lafa da azahar. Kawu ya kai ni tasha da kansa, na hau motar uku. Gonaki kore shar, tumaki suna kiwo, ni kuwa hannuna a cinya ina kallon agogo.

Shida da minti goma na buɗe ƙofa. Ledar tana nan yadda na bar ta. Na ƙulle ta cikin wata ledar, na kai bola, na zauna a ƙasan kicin har Maryam ta shigo.

"Ke lafiya? Ina ramar tawa?"

Ashe ta ga takardar tun da safe, wayar kuwa ba ta ko duba ba. Sai a lokacin kuka ya zo.

Na gode wa Allah da ya kawo ni gida kafin ita, na gode wa Kawu da kwaɗayinsa ya kai shi kicin. Gwaggo ma na gode mata, duk da ta bugo da magariba tana tambaya me za ta yi da ƙuli-ƙulin da ta daka.