Tiren Sallar Baba

Shekarun baya, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, na tattara yarana na tafi gida Bagudo da niyya ɗaya a raina: mahaifina zai ci abincin Sallah a zaure cikin mutanensa, kuma abincin ba zai mayar da shi asibiti ba.

A shekarar ne hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya ɗan saki. Allah ya tashe shi, amma likita ya ja mana kunne a kan gishiri da magi da kitse. Tun daga nan aka koma zuba masa nasa daban a ɗan kwano, a kai masa ɗaki. Mutumin da tun tasowata ban taɓa ganin ya sa hannu a kwano shi kaɗai ba. Ya rame, ya rage hira, abin ya tsaya mini a rai.

Da na ce masa ranar Sallah za a kai masa kwanonsa zaure, ko kallona bai yi ba.

"A aje min ɗan kwano kamar yaro, mutane na cin tire? In ba tire guda ba, ku bar ni ɗaki."

Kuma ba shi kaɗai ne mai doka ba. Akwai amininsa da ke tsallako iyaka daga Benin duk Sallah, yana fama da ciwon suga. Akwai kawuna na Kaoje, mai gyambon ciki, wanda barkono ke kwantar da shi. Sauran kuwa lafiyayyu ne, irin waɗanda in ba su ga mai yana bin hannu ba, ba su ci abinci ba.

Na ce wa mahaifiyata mu yi girki ɗaya mai sauƙi ga kowa. Ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Sallah ta fa, ba jinya ba. Baƙi su iske shinkafa ba ta ƙyalli, su koma su ce ciwo ya cinye Alhaji har mai ya gagare mu?"

Sai na ɓullo da dabara, kuma ba ƙaramin burge kaina na yi ba. Ai a tire kowa gabansa yake ci, babu dattijon da zai miƙa hannu gaban wani. Na ɗora tukwane daban-daban. Gefen Baba shinkafa ba gishiri da gasasshen kifi. Gefen amininsa wake da zogale. Gefen kawu babu barkono. Ragowar tiren kuwa na cika shi da girkin Inna, jajir da mai, da soyayyen kayan ciki. Na bi sama da albasa da tumatir don kada a ga iyaka. Na nuna wa yayana wajen da bakin tiren ya lotse, na ce nan ne zai fuskanci Baba.

Ya ajiye daidai. Na sani, domin ina laɓe bayan asabarin ƙofar zaure, matar aure da 'ya'yanta tana leƙe kamar ɓarauniyar kaza.

Abin da na manta shi ne girmamawa. Aminin Baba ya dubi tire, ya ga nama ya taru can nesa da maigida. Ya sa hannu biyu ya juya tiren a hankali har gefen mai da kayan ciki ya tsaya a gaban Baba.

"Alhaji, kai da ka tashi ciwo, kai ad da nama. Bisimilla."

Juyi ɗaya ya ba kowa abin da aka hana shi: Baba gishiri da kitse, amininsa tulin farar shinkafa, kawu barkono. Kifina kuwa ya koma gaban wani ƙato da bai san ciwon kai ba.

Baba bai ce a juyo ba, ba zai kunyata amininsa ba. Ya riƙa ɗaukar naman ɗaya bayan ɗaya yana turawa gaban baƙi, yana cewa wane ci, wane ga naka, har gabansa ya zama wayam. Ya ɗan taɓa shinkafa, ya sha ruwa, ya ci gaba da jan su da hira don kada a lura. Kawu ya ci saboda kunya, ya wuni yana dafe da ciki. Da yamma Baba ya shigo ya ce a dama masa koko. Ranar Sallah, mai rago, ya ƙare da koko.

Na ji haushin kaina, na ji tausayinsa, amma ban yi niyyar haƙura ba. A wajenmu ragon layya a gefen wuta yake wuni kan sanduna yana gasuwa, sai washegari ake taɓa shi, baƙi kuma ba sa tafiya sai sun ci. Wato ina da sauran dama ɗaya.

Da safe na kwashe gishiri da magi da galan ɗin mai na kulle a akwatina, na ɗaure makullin a bakin zani. Inna ta fito tana lalube.

"Ke ɗiyar nan, ina kayan miya?"

"Suna wurina, Inna. Jiya kin fita kunyar baƙi, shi kuwa da koko ya kwana. Yau ki bar min murhu. In an yi zagi, ni anka zaga."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Can ta jawo kujera, ta janyo kwandon zogale gabanta ta fara tsinka, tana mita ƙasa-ƙasa cewa ita dai babu ruwanta.

Tukunya ɗaya na yi. Wake mai yawa, shinkafa 'yar gida kaɗan, zogale har ya rinjaye su. Daddawa da albasa da busasshen kifi suka tsaya a madadin magi. Naman na zauna na yanke kitsensa tas, na sake turara shi ya yi laushi. Gishiri da yaji da mai na zuba a ƙananan kwanoni, a jera a gefen tire, mai so ya ɗiba a gabansa.

Aminin Baba ya sake juya tire, na bar shi ya juya iya son ransa. Wani daga cikin baƙin ya kai loma ya ce, "Alhaji, gishiri ya yi tsada Bagudo na?"

Baba ya tura masa ɗan kwanon. "Ga shi nan, zuba. Mu mun cinye rabonmu tun muna samari."

Aka yi dariya, har da tasa a ciki, wadda na yi watanni ban ji ba. Na bar bakin asabari na koma madafa. Ba a jima ba yayana ya shigo da tire.

"Baba ya ce a ƙaro."

Inna ta karɓe ludayi daga hannuna. Ita ta zuba da kanta, ta juya mana baya tana zubawa, ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido.

Har yau haka nake girkin taro, kuma har yau ana samun mai cewa abincina kamar na asibiti. Ba na jin komai. Na gane cewa in kana son mai lalura ya ci cikin mutane, tukunyar kowa za ka gyara. Baba ya rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙansa. Duk Sallolin da suka rage masa a zaure ya ci su, hannunsa cikin na abokansa.