Maijidda da Oba-oban Masuntan Tiga

Duk wanda ya taɓa gangarawa bakin ruwan Tiga da hantsi don sayen kifi, da wuya a ce bai ga rumfar Maijidda ba. Ita ce ta uku daga titi, mai doguwar gora a kafe a bayanta, da wani siririn ƙarfe ɗaure a can ƙoli. Baƙi sukan zaci eriyar talabijin ce. 'Yan gari kuwa sun san ta oba-oba ce, wato rediyon nan da ake magana da ita a kuma ba ka amsa, kuma sun san da ita Maijidda take kiran masunta in suna tsakiyar ruwa.

Maijidda ba 'yar ruwa ba ce. A Ƙofa aka haife ta, gidan manoma, inda babban ruwan da ta sani shi ne na rijiya. Abin da aka san ta da shi tun tana ƙarama shi ne murya. In abinci ya sauka, ita ake sa wa ta hau katanga ta kira mutanen gona, kuma sai sun ji. Ta gama firamare, ta yi sana'ar ƙosai na wasu shekaru, sannan ta auri Hayatu, wani masunci mai sanyin hali da yakan kai kifi kasuwarsu. Shi ya kawo ta Tiga. A wajen uwar mijinta ta koyi yin banda, har ta kai ana zuwa daga Kiru da Bebeji a ce sai tata.

Wata damina, shekara goma sha ɗaya ke nan, ƙanenta Mujitaba ya biyo ta don ya koyi su. Ran wata Laraba da la'asar sakaliya, hadari ya taso daga wajen duwatsun Doguwa, baƙi ƙirin, yana tafe da iska. Na bakin ruwa sun gan shi tun daga nesa. Na cikin ruwa kuwa sun sunkuya suna jan taru, sun ba shi baya. Aka yi ta buga wayoyinsu, babu sabis. Maijidda ta shiga ruwa har gwiwa, tana kaɗa mayafi, tana kwarara kira da muryar nan tata, amma iska ta riƙa mayar mata da ita. Kwalekwale uku suka kife. Hayatu ya rungumi gora ya fita da ƙyar. Mutum biyu ba su fita ba, ɗaya daga cikinsu Mujitaba ne.

Bayan an yi arba'in, ƙungiyar masunta ta zauna. Shugabanta, Baffa Uwais, ya samo labarin wani kamfanin gina hanya da ya gama aiki yana rabuwa da kayansa. A nan suka samo oba-oba goma sha huɗu da babbar uwarsu ta ajiyewa a tebur. Kowacce tana da hoton shaho a goshinta, saboda haka ba wanda ya wahalar da kansa da sunan Turancin, Mai Shaho kawai ake cewa. Kamilu, mai gyaran rediyo a Tudun Wada, shi ya zo ya kafa gora, ya ɗaura eriya, ya haɗa da sola.

Sai aka tsaya a kan wa zai riƙe babbar. Maza duk ruwa suke shiga. Ana cikin kai-kawo, Maijidda ta ɗago daga bakin murhu ta ce, "Baffa, a ba ni. Daga asuba har magariba ba na motsawa daga nan."

Wasu suka ɗan yi gunaguni. Baffa Uwais ya dubi Hayatu, Hayatu ya ce, "In dai kira ne, ba ku da kamarta." Aka ɗauki akwatin aka kai rumfarta.

Ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta zauna da tsofaffin masunta suka nuna mata hadarin da ke wucewa da wanda ke sauka. Ta yi ta tambayar Fulanin da ke kawo shanu shan ruwa yadda suke gane iska tun ba ta iso ba. Ta haddace muryar kowa, har in mutum ya yi tari a rediyo ta san ko wane ne. Kamilu ya koya mata a ce "oba" in an gama magana, ta ce ita ba ta san wannan ba, sai ta riƙa cewa "na gama." Yanzu duk tafkin haka ake faɗa. Ita ce kuma ta yanka tsohon tub na keke ta naɗe kowace rediyo, ta toshe kafofinta da kakin zuma don kada ruwa ya shiga. Tun daga wannan shekara, ba a sake rasa mai riƙe da Mai Shaho a hadari ba. Ba ta faɗin haka da bakinta, amma in wani ya faɗa a gabanta, za ka ga ta gyara zama.

Ana nan, wata Talata cikin bazara, Kamilu ya iso rumfar Maijidda a kan babur, ko gaisuwa bai gama ba.

"Inna, an sayar da kamfanin Mai Shaho."

"An sayar da shi kamar yaya? Kamfani akuya ne?"

"Wallahi an sayar. Wani babban kamfani ne ya saye shi, masu yi wa jiragen ruwa da filayen jirgin sama kaya. Ga shi nan a waya, duk masu gyara zancen da muke yi ke nan."

"To ina ruwanmu? Namu suna hannunmu."

Kamilu ya zauna a kan benci ya yi mata bayani. Batir ɗin Mai Shaho ba ya wuce shekara biyu, kuma na wata rediyo ba ya shiga. In sababbin masu kamfanin suka ce sun daina yin sa, shi ke nan. Wasu ma na cewa sababbin da za a fito da su ba za su ji maganar tsofaffin ba. Ba wanda ya tabbatar, amma kowa na faɗa.

Kafin azahar labari ya zaga bakin ruwa, kuma kowa ya ƙara masa nasa. Wani ya ce daga can ƙasar waje za a danna wani abu duk su mutu rana ɗaya. Da masunta suka taru a gaban rumfa, Sagir, wanda ya fi kowa kama giwan ruwa kuma ya fi kowa baki, ya ce, "Ni shawarata mu rabu da su tun ana so. Yanzu waya ta yi kyau, ba kamar da ba."

"Ta yi kyau a tudu," in ji wani.

Sai da hayaniya ta lafa Maijidda ta ce, "Baffa, ina roƙon alfarma. Kada kowa ya rabu da tasa sai na je na ji daga bakin masu abin."

Kamilu ya riga ya faɗa mata cewa ranar Alhamis wakilin sababbin masu kamfanin zai gana da dillalai da manyan masu saye a Kano. Ba a gayyaci masunta ba. Ta ce ai ba a ce kada su zo ba. Hayatu da Kamilu suka ce za su raka ta.

Suka isa wani otal mai sanyi kamar cikin randa. Ɗakin taron cike yake da masu kwat da manyan riguna: masu kamfanonin gadi, manajojin manyan gonaki, 'yan kasuwar kayan lantarki. Maijidda ta sa atamfarta ta zuwa biki, amma ta san ƙanshin banda bai bar ta ba, don ta ga na kusa da ita ya ɗan matsa. Wakilin ashe mace ce, Injiniya Saudatu, Bakanuwa mai aiki a ofishinsu na Legas. Da Turanci aka yi ta yi, Kamilu yana raɗa mata fassara. An yi maganar garanti, an yi ta sababbin kaya, an nuna hotuna a bango. Ba wanda ya ambaci irin tasu.

Da aka ce ko akwai mai sauran tambaya, ta miƙe. Aka miƙo mata makirfo, ta ce ba ta bukata. Ta yi sallama, kuma har na bakin ƙofa sai da ya juyo.

"Sunana Maijidda, daga Tiga nake, kifi nake sayarwa. Ban iya Turanci ba, a yi mini haƙuri." Ta taka har gaban teburin ta ajiye rediyo ɗaya, naɗe da baƙin tub. "'Yata, ni ban zo tambayar wanda ya sayi kamfani ba. Allah ya sa ya saya a sa'a. Ina da mutum talatin da wani abu da ke shiga ruwa kullum, biyu-biyu, uku-uku, kuma wannan ce kaɗai hanyar da nake ce musu su fito. Batir na zo tambaya. Za a ci gaba da yi ko ba za a yi ba? In ba za a yi ba, a faɗa mini yau, in san abin da zan gaya musu."

Injiniya Saudatu ta ɗauki rediyon, ta ɗaga tub ɗin ta karanta lambar da ke baya, ta duba kwamfutarta. Sai ta koma Hausa.

"Inna, ba zan yi miki ƙarya ba, ban san amsar ba. A takardunmu, waɗannan sun daina aiki tun da aka gama waccan hanyar. Ba mu san akwai mai amfani da su ba."

"To ga su da ransu. Goma sha huɗu aka ba ni, goma sha uku na aiki. Ɗayar ma kada ne ya firgita mai ita ya sake ta a ruwa."

Aka yi dariya, amma ba irin ta raini ba. Maijidda ta ce, "Ki zo ki gani da idonki, don ki faɗa musu abin da kika gani, ba abin da wata tsohuwa ta ce ba."

Ba ta sa rai ba, amma ranar Asabar da hantsi sai ga mota ta tsaya a bakin titi. Injiniya Saudatu ta cire takalmi, Hayatu ya ɗauke ta a kwalekwale ya yi ta tuƙi har rumfuna suka koma kamar ƙwayar gero. Ya ce ta gwada wayarta. Ta ɗaga sama, ta juya gabas, ta juya yamma, babu komai. Sai rediyon da ke rataye a wuyansa ta yi ƙara.

"Rumfa ce. Malam, ka dawo mini da baƙuwa, rana ta yi mata yawa, ga kifinta yana hucewa. Na gama."

Da suka dawo, baƙuwar ta ci karfasa biyu a kan benci, ta ɗauki hoton gorar da tub ɗin da kakin zuman, ta cika shafi uku da rubutu. Da za ta tafi ta ce, "Zan kai, Inna. Abin da za su ce ba a hannuna yake ba."

Wata biyu aka yi shiru. Damina ta sauka, Maijidda ta ci gaba da aikinta da batiran da suka rage, tana kashe na waɗanda ba su shiga ruwa ba don su daɗe. Sagir bai jira ba, ya rabu da tasa, ya koma shiga ruwa kusa da wani mai rediyo. Duk da haka, in Maijidda za ta yi kira takan ce, "A gaya wa Sagir."

Daga ƙarshe takardar kamfanin ta iso ta hannun Kamilu, aka karanta ta a gaban kowa. Ba duk abin da ta so ta samu ba. Kamfanin ya ce ya daina ƙera irin wannan rediyo, ba kuma zai dawo da ita ba. Amma zai ci gaba da kawo batir da eriya har shekara huɗu, kuma sababbin za a iya saita su su yi magana da tsofaffin, don a riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa an rubuta cewa an yanke wannan ne bayan rahoton da aka samu daga masuntan Tiga, Jihar Kano.

"Sake karanta wurin nan," in ji Baffa Uwais. Kamilu ya sake. Dattijon ya cire hula ya mayar, ya ce, "Yau ga sunan garinmu a takardar mutanen da ba su san ana yin mu ba." Ya juya wajenta. "Maijidda, Allah ya yi miki albarka." Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Ita dai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma Hayatu ya ce ranar har gida tana tafe kamar wadda aka ƙara wa tsawo.

Taron Kano ya haifar da wani abin da ba ta yi tsammani ba. Manajan wata gona a Kiru, wanda yake zaune a ɗakin ranar, ya aiko mata da kwali ɗauke da Mai Shaho tara da suka daina amfani da su, har da babba guda. Kamilu ya tayar da biyar, sauran ya ajiye don kayan gyara. Maijidda ta ce babbar a kai ta tsallaken ruwa, ɓangaren Tudun Wada, inda masunta ba su da mai kira. Ta zaɓi Asabe, wata mai tuyar kifi da suka daɗe da sanin juna, ta hau mota ta zagaya ta yi kwana uku tana koya mata.

Ranar da aka fara gwadawa, kwalekwale sun fi ashirin a kan ruwa, kowa ya kasa kunne. Maijidda ta danna ta ce, "Asabe, rumfar Tiga ce, kina ji na? Na gama."

"Ina jin ki tar, Yaya, kamar kina gabana!" Sai dai Asabe ta manta ba ta saki maɓallin ba. Duk tafkin ya ji ta tana korar akuyar maƙwabta daga kan tirenta, tana faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa akuyar mutane. Masunta suka yi ta dariya har wani ya kusa sakin filafilinsa. Maijidda ta jira har layin ya buɗe, ta share hawayen dariya, sannan ta sake yi mata bayani daga farko.