Kwana Ukun da Ba a Shiga Teku

Fumie Kedashiro ba ta taɓa yi wa baƙo ƙarya a kan gidan da take ba da haya ba. Ɗaki biyu ne da tabarmi, da fanka mai kukan tsohon injin niƙa, da tankin ruwan sama a bayan gida. Tsakar da ke bango kuwa kyauta ce. Gidan a kan wani ƙaramin tsibiri yake, jirgin ruwa sau ɗaya yake zuwa a rana, shi ma sai teku ta ga dama. Wanda bai iya ba, ga hanya nan.

Dokarta ɗaya ce. A kwana ukun watan bakwai da matattu ke dawowa ganin gida, ba a shiga teku, don waɗanda ba su da mai ajiye musu abinci suna cikin ruwa suna jan ƙafar mutane. Ɗanta Seikichi ya shiga a irin wannan rana, yana ɗan shekara goma sha bakwai, bayan ta wuni tana mitar babu kifin da za a ajiye wa kakanni. Ba a ga gawarsa ba. Duwatsu aka tsinto a bakin ruwa aka sa a kabari a madadinsa. Shekara talatin ke nan.

Bana sai ga wani ɗan haya, Tokuda daga Osaka, mai sayar da tayoyi, baki kamar rediyo. Rana ta biyu cikin kwana ukun ta gan shi da tabaran ninkaya a goshi.

"Ɗan nan, ina zuwa?"

"Gaida kifaye, Iya."

"Yau ba a shiga. Za su ja ka."

"Su wa? Ni da matata ma ta kasa jana gidan surukai?"

"Na roƙe ka, bari sai jibi."

"Jibi ai ina cikin jirgi!"

Ta bi shi tana dogara sanda har bakin ruwa. Ya tuɓe takalmansa ya faɗa ruwa. Ta ɗauke su ta rungume, kamar yadda ta rungume na Seikichi. Rana na dukanta, tana kiran kakanni ɗaya bayan ɗaya, tana roƙon a ƙyale ɗan mutane.

Bayan awa guda ya fito lafiya lau, hanci ja wur.

"Iya, har kunkuru na gani! Ko taɓa ni ba a yi ba. Ashe mutanenku na da kirki."

Ta miƙa masa takalmansa. Ta san murna ya kamata ta yi, amma haushi ne ya taso mata, har ta ji kunyar kanta. Shekara talatin tana gaya wa zuciyarta cewa laifin matattu ne, su ba sa ƙyale kowa. Ga shi sun ƙyale mai tayoyi.

Da la'asar ta jera wa kakanni abinci: shinkafa, naman alade, rake, da soyayyen kifi. Ta durƙusa za ta yi gaisuwa, ta kasa. Kifin kawai take kallo. Ita ce ta ce wa Seikichi babu kifi.