Dirkokin Rumfata

Rumfar da nake suyar gyaɗa a ƙarƙashinta ta faɗi ne a ƙarshen damina, shekarar da ake ta taron ƙasa a Yamai, maza sun tare a gindin rediyo ba sa ko jin kiran abinci. Gara ce ta cinye dirkokin daga ƙasa. Mai da ƙuli-ƙuli ne sana'ata, kuma ba a yin ta a rana, don haka na ce wa maigidana zan je gamanata in saro dirkoki shida da 'yan sanduna, shi kuma ya nemo mai kafawa. Ya ce to. Shi komai to ne. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai duk maganar da muka yi a ɗaki da safe, kafin la'asar ta isa kunnen wansa.

Wan nasa, wanda duk muke kira Yaya, shi ne babba a gidan. Shi ke riƙe da gandu, shi ke yanka wa kowace mace gamanarta, wato ɗan filin da za ta noma wa kanta. Tawa ya ba ni ita shekara takwas kafin nan, can ƙarshen gona, rairayi fari fat wanda kowa ya ƙi. Shekarar farko ina da tsohon ciki, na kasa sassabe ta duka, sai na bar tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututturai, na rage masa rassa kawai. Aka yi ta yi mini dariya, wai gonar ƙazama. Haushin dariyar ne ya sa na ci gaba da barinsa. Daga baya na ji wai ma'aikata suna yawo ƙauyuka suna koyar da abin, har an raɗa masa suna sassabin zamani. Ni dai ciki ne ya koya mini. Kafin a ankara kalgo da aduwa da gawo sun tashi sun wuce kaina, ganye na zuba, iska ta daina binne mini shuka, gerona ya fara fin na cikin gandu kyau. Dariya ta tsaya, aka koma kallo.

Kwana uku da faɗuwar rumfar sai ga amalanke a ƙofar gida, Yaya na biye da ita. Aka sauke bututun ƙarfe shida, da katako irin na kamfani, wanda ake niƙa itace a haɗa da gam a danne ya fito sumul, ba kwana ba gaɓa.

"Ga shi nan, daga Maraɗi na kawo miki," in ji Yaya. "Ƙarhe na, gara ba ta cin shi. Katakon ga kuwa a yi miki gadon zama ƙarƙashin rumhwa. Ko matar jandarma ba ta da irin shi."

Ba zan yi ƙarya ba, na so kayan nan. Matan unguwa suka shigo suna shafa katakon, ni ma na shafa. Na gaji da gara, na gaji da sauya dirka duk bayan 'yan shekaru, kuma ƙarfe ba ya karkacewa. Har na fara hango kaina zaune bisa gado mai santsi ina murza ƙuli. Abu ɗaya ne ya hana ni sakin jiki: shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, ko goro Yaya bai taɓa miƙo mini ba. Na durƙusa ina godiya, ya juya zai fita, sannan ya sako abin da ya kawo shi.

"Sai dai iccen gonag ga, kar ki taɓa shi. Na gandu na."

A wajenmu mace ba ta dasa itace a gamana, don wanda ya dasa kamar ya ce filin nasa ne. Ni ban dasa ba, reno na yi, kuma al'ada ba ta taɓa faɗin komai a kan reno ba. Amma kowa ya san wanda ya sari itace ido na ganin ido, bai nemi izinin kowa ba, shi ne mai shi. In na karɓi ƙarfen nan na bar itatuwan a tsaye, na yarda ke nan ba nawa ba ne. Kuma na san ɗan Yaya na fari zai yi aure bayan kaka, ana neman inda za a yanka masa. Raina ya ɓaci sosai.

Na ce, "Yaya, Allah shi saka da alheri. Amma ni iccena nika so."

"Wane iccenki? Da shi kinka zo daga gidanku?"

"Ban zo da shi ba, ban kuma iske shi ba. Rairayi kunka ba ni."

Maigidana yana tsaye yana duban ƙasa kamar ya yar da allura. Yaya ya ce in na kuskura na ɗaga gatari, shi da kansa zai kira ma'aikacin gandun daji. A da, wannan kalmar kaɗai ta isa. Mun tashi muna jin ƙarar babur ɗinsu mu ɓoye ko da itacen girki ne, don an ce kowace bishiya ta gwamnati ce, ko a gonar ubanka ta fito.

Ranar kasuwar Agiye na ɗauki tasar ƙulina, na biya ta buro ɗinsu, wato ofishin ma'aikatan gandun daji, da ƙafata. Na shiga. Na tarar da wani dattijo shi ma kunnensa na jikin rediyo. Ya rage murya ya saurare ni har na gama. Ya tambaye ni bishiya nawa, na faɗa masa, ya sake tambaya ko da gaske ni kaɗai na rene su. Sannan ya ce, "Malama, ki sari reshe, ki bar uwa tsaye. Mai renon icce ba shi muke nema ba." Ban nemi takarda ba, ban ma san ana nema ba. Na fito na sayar da ƙulina na hau mota.

Washegari da hantsi na tafi da gatarina. Ban yi sammako ba, don ba sata zan yi ba. Na zaɓi rassan aduwa masu baki biyu na dirka, na sari kalgo na sanduna, gawo ban taɓa shi ba. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, ƙaya ta yage mini zane. Akwai hanyar bayan gari da ta fi kusa da gidanmu, amma na ce wa mai amalanke ya bi ta ƙofar zauren Yaya, inda maza ke zaune da rediyonsu suna gardamar jam'iyyu. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho ya ce, "To, ga dimokuraɗiyya ta iso bisa amalanke." Aka yi dariya, ban da mutum ɗaya.

Magana ta kai gaban mai gari. Aka zauna, aka ja ta, aka tuno kakanni. Ni aka ce in yi shiru maigidana ya yi magana a madadina, shi kuwa ya ce duk abin da manya suka yanke daidai ne. Sai na yi maganata da kaina. A ƙarshe mai gari ya ce ƙasa ta gandu ce, babban gida na da ikon sauya gamana yadda ya ga dama. Itatuwa kuwa na wadda ta rene su ne, ba mai sare su, ba mai hana ta zuwa wurinsu. Kowa ya tashi yana ganin an cuce shi.

Aka kafa mini rumfa. Mun babbaka gindin dirkokin da wuta saboda gara, muka shimfiɗa zana a sama, aka jera sandunan kalgo aka yi gadon zama. Ta ɗan karkace ta gefen gabas, kuma gadon yana cin mazaunai in an daɗe a kai. Ƙarfen da katakon Yaya ya kwashe abinsa, ya yi wa angon rumfa da su. Ta yi kyau, ba zan hana ta kyanta ba.

Gamanar dai an karɓe ta. Aka yanka mini wata a can wani gefen, fari fat kamar ta farko. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, don shekara takwas ba kwana takwas ba ne, kuma ina gani da idona geron cikinta zai shiga rumbun wani.

Da bazara ta yi, lokacin rage rassa, na ɗauki gatari na nufi tsohuwar gamanata. Yaya da ɗansa suna ciki suna sharar gona. Suka ɗago suka tsaya. Ban rage tafiya ba. Na ratsa tsakiyarsu har gindin wani babban kalgo.

"Sannunku da aiki, Yaya."

Ya daɗe yana dubana, ni ma ina dubansa.

Na ce, "Ku ɗan matsa can, reshen ga nan za ya hwaɗi."

Suka matsa.