Rigar Kofur Nuhu

In ka shiga Badarawa ka tambayi shagon Datti Tela za a nuna maka, amma sai an haɗa maka da gargaɗi: in kaftani kake so ko jamfa, ka yi gaba. Datti ba ya ɗinkin Sallah. Shekara arba'in ke nan kekensa bai san komai ba sai kakin soja, kuma ba na sojan yau ba, wannan ko kyauta ba ya taɓawa don ba ya son rigima da bariki. Nasa na sojan da ne, mutanen da Turawa suka kwasa suka kai yaƙin Burma: koriyar riga mai manyan aljihuna, hula mai faffaɗan baki, da jar dara da gajeren wando na fareti. Masu wasan kwaikwayo da 'yan fim daga Kano da makarantun da ke shirya bikin tarihi duk wurinsa suke ƙarewa, kuma da wuya a rabu ba a yi cacar baki ba.

Mutum ne gajere, siriri, mai saurin hawa. Wani mai fim ya taɓa roƙonsa ya sa wa wanduna zif don 'yan wasa su riƙa saurin canja kaya. Datti ya naɗe masa yadinsa ya nuna masa titi. Wani kuma ya kawo yadin roba mai sheƙi, wai ya fi kyau a hoto. Datti ya tambaye shi ko gidan biki aka ce masa sojojin sun je. Matarsa Laraba ta yi magana har ta gaji, ta ce a duniya ba ta taɓa ganin telan da ke korar ciniki da bakinsa ba sai shi. Ni kuwa da na san daga inda zafin ya fito, ban cika ganin laifinsa ba.

Mahaifinsa, Kofur Nuhu, mutumin ƙasar Katsina ne. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, ya ƙetare teku, ya dawo da igiya biyu a hannun riga da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Bai koma ƙauye ba. Ya zauna a Kaduna yana gadin wani sito na gwamnati, shekara talatin yana buɗe wa motocin manya ƙofa, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye shi inda ya je ko abin da ya gani. Da ya rasu, abin da ya bari bai taka kara ya karya ba: ɗaki biyu, da tsohon keken hawa, da akwatin ƙarfe. A cikin akwatin akwai rigar da ya dawo da ita. 'Ya'yansa biyu ne, Kaltume babba, da ke aure a Rigachikun, sai Datti. Kaltume ta ce rigar ta zauna a hannun Datti tunda shi ya san darajar tufa, amma ta su biyu ce, kuma duk Sallar da ta zo gaisuwa sai an buɗe mata ta shafa.

Rigar ta koɗe, koren ya koma kalar busasshen ganye. A kafaɗar hagu akwai yagewa mai tsawon ɗan yatsa, wadda Nuhu ya ɗinke da hannunsa a cikin daji da wani farin zare mai ƙarfi. Bai taɓa faɗin abin da ya yaga wurin ba. Shi bahago ne, saboda haka ɗinkin ya karkata ta inda na mutane ba ya karkata, ƙullin kuma yana ta sama.

Daga wannan riga Datti ya koyi aikinsa. Kowane tela in zai kwaikwayi tufa warware ta yake yi ya shimfiɗa ya yanka a kai. Datti bai taɓa cire ko zare ɗaya ba. Da igiyar awo da takardar buhun siminti ya bi ta gaɓa-gaɓa har ya haddace. In ya gama ɗinka sabuwa kuma, aiki bai ƙare ba. Sai ya jiƙa ta a ruwan shayi, ya murtsuke ta da toka da jar ƙasa, ya shanya a kan kwanon rufi kwana da kwanaki, don shi a ganinsa sojan da ya fito daga daji da riga fes ƙarya ce tsagwaronta. Daga nan ya tsaga kafaɗar hagu da reza ya ɗinke da farin zare. Kowace rigar da ta fita daga shagon tana ɗauke da wannan tabo. Ya iya karkatar da ɗinkin yadda na uban yake, amma ƙullin kullum a ƙasa yake faɗa masa, don shi da dama yake riƙe allura.

Bara ne Alhaji Sanda ya zo. Tsohon darakta ne a ma'aikata, ya yi ritaya, ya zama shugaban wata ƙungiya ta masu son tarihi, irin mutanen nan da ba sa iya zama ba kwamiti. Ƙungiyar za ta shirya taro a filin wata makaranta, inda samari kusan talatin, galibi jikokin tsofaffin sojoji, za su sa kayan da su kwaikwayi dawowar mayaƙa daga Burma. Ya ba Datti aikin riguna talatin, ya kuma yarda da kowane sharaɗi ba musu, har Datti ya fara cewa yau ya gamu da mai hankali.

Sai da aiki ya kusa ƙarewa Alhaji ya fito da abin da ke ransa. Yana son a ba su aron rigar asali, a sa ta cikin akwatin gilashi jama'a su gani. Datti ya ce a'a tun kafin ya rufe baki. Alhaji bai yi fushi ba, ya san hanyar da ake bi. Ya ce za a rubuta sunan Kofur Nuhu da manyan baƙaƙe, a karanta shi a lasifika gaban babban baƙo, sojoji su sara masa. Datti ya kwana uku abin yana cin sa. Mutumin da ya mutu ba wanda ya kira sunansa a ko'ina sai a wurin jana'iza, ga shi an ce za a kira shi a gaban gari. Ya je Rigachikun ya shawarci Kaltume. Idonta ya riga ya yi rauni, amma ta ce ko a goye ne sai an kai ta ta ji da kunnenta.

Ranar da Datti ya miƙa wa Alhaji rigar, naɗe cikin farin ƙyalle da busasshen ganyen darbejiya, ya faɗa ya maimaita har sau uku.

"Alhaji, kada ruwa ya taɓa ta. Kada guga. Shekararta tamanin, zaren ya mutu. A ɗauke ta yadda take, a ajiye ta yadda take."

"Haba Malam Datti," in ji Alhaji, "ai amana ce. Ni da kaina zan kula da ita."

To, ga inda aka yi ɓarnar, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ana jibi taro kwamiti ya zauna a falon Alhaji aka buɗe kayan. Suka ga riguna talatin duk sun yi dumu-dumu da ƙasa, ga tabo a kafaɗa, ga ta asalin ta fi kowacce muni. Mutanen da suka yi shekara talatin da biyar suna zuwa ofis da shadda mai tsayuwa da kanta saboda sitaci, ina za su yarda a fito da wannan gaban babban baƙo? Wani ya ce telan ƙazami ne. Wani ya ce abin kunya ne a nuna kakanninmu da datti kamar 'yan dako. Ba wanda ya ce a tambayi mai kayan. Aka tattara duka, har da wadda aka rantse ba za a taɓa ba, aka ba direba ya kai wa mai wanki da guga a Kurmin Mashi, aka ce a sa bilic, a sa sitaci sosai.

Ranar taro Datti ya yi sammako. Tun daga bakin ƙofar makarantar ya hango samarin a jere, riguna sun yi tsaye ƙiƙam, karin guga kamar ya yanki mutum, koren ya yi fari-fari. Wata uku na shayi da toka da rana sun tafi a ruwan wanki. Ya haɗiye wannan da ƙyar, ya nufi akwatin gilashin. Ga suna an rubuta da kyau, Kofur Nuhu. Ga riga a shimfiɗe. Ya sunkuya ya dubi kafaɗar hagu. Ƙullin yana ƙasa.

Ya samu Alhaji Sanda a ƙarƙashin rumfa yana ba da umarnin jera kujeru. Bai yi masa sallama ba.

"Ina rigar ubana?"

Alhaji ya nuna gilashi. Datti ya ce wannan shi ya ɗinka ta da hannunsa watan jiya, kada a raina masa hankali. Sai Alhaji ya ja shi gefe, ya sassauta murya, ya ce an samu ɗan akasi wurin wanki, tsohuwar ta ɗan lalace, shi ya sa suka sa ɗaya daga cikin sababbin don kada a ji kunya. Ya ƙara da cewa ai wannan yabo ne ga aikinsa, tunda ba mai iya bambancewa. Wai yabo. Ya ce bayan taro za su zauna su ga yadda za a yi, yanzu dai a yi haƙuri baƙi sun fara isowa.

Abin da Datti ya faɗa masa ba zan maimaita duka ba, don akwai na kunya. Ya ce masa ubansa ya yi shekara talatin yana buɗe wa irinsu ƙofa ba su ga fuskarsa ba, yau kuma sun ga rigarsa sun ce datti ce. Ya ce wannan dattin a jikin mutum aka yi shi, ba a kujerar ofis ba. Alhaji dai sai duba agogo yake yana murmushin yaƙe ga masu wucewa.

Direban ne ya ji tausayinsa ya kwatanta masa wurin mai wankin. Datti ya tari Keke Napep ya tafi Kurmin Mashi. Ya tarar da mutumin, wani Bazamfare mai suna Bawa, a rumfarsa yana hura gawayin dutsen guga. Da Bawa ya ji abin da ya kawo shi sai ya daina hura gawayin.

"Wallah Mallam ba a hwaɗa min komi ba. Rigag ga matacciya ta. Ina sa buroshi ta rabe a hannuna."

Ya ce ya gaya wa direba, direba ya ce a bar ta kawai. Yawancinta ta bi ruwan kwata. Datti ya tambayi saura. Bawa ya dubi hannunsa. Ƙyallen da ya naɗe mariƙin dutsen gugar da shi don kada ya ƙone shi, shi ne. Ya warware ya miƙa. Guntun gaba ne da aljihu ɗaya, ya yi baƙi da gawayi, gefe guda ya babbake. Kafaɗar babu ita.

Datti ya so ya zage shi ya rasa ta inda zai fara. Talaka ne aka ba shi wanki ya wanke. Ya karɓi guntun, ya roƙi baƙar leda ya saka, ya juya. A hanya ya ƙudurta abin da zai yi: zai shiga tsakiyar fili, ya ƙwace lasifika, ya ɗaga tsumman nan sama kowa ya ga amanar manya, in ya so a kama shi.

Ko da ya isa an fara. Ganga na tashi, samari na taka ƙasa, jama'a na tafi. Ya kutsa yana ture mutane, sai ya yi turus. Kaltume ce a gaban akwatin gilashin, Laraba na riƙe da hannunta. Ta manna fuskarta da gilashin tana ƙanƙance ido, hawaye na bin kumatunta. Ta ji motsinsa ta waiwayo.

"Datti ne? Ina ka shiga? An kira sunan Baba, na ji da kunnena. Sau biyu aka kira." Ta dafa gilashin da tafin hannu. "Dubi yadda ta yi kyau. Ga ɗinkinsa nan a kafaɗa, ina ɗan ganin farin zaren. Ina yarinya nakan sa yatsa a wurin yana buge min hannu."

Datti ya tsaya. Baƙin cikin da ya taho da shi daga Kurmin Mashi yana nan bai ragu ba. Ga lasifika can taku ashirin, ga Alhaji Sanda a kujerar gaba yana gyara babbar riga. In ya yi magana yanzu, ba Alhaji zai fara ji a jikinsa ba. Tsohuwar nan ce, wadda ta taso tun daga Rigachikun da ciwon gwiwa don wannan rana, kuma rabin rigar nata ne. Laraba ta dubi fuskarsa, ta dubi hannunsa, ta kawar da kai.

"Yana nan, ko?" in ji Kaltume. "Idona ba ya ba ni sosai."

"Yana nan, Yaya."

Ta gyaɗa kai ta yi wa mahaifinsu addu'a, suka shafa. Da ta laluba za ta kama hannunsa sai ta ji ƙarar leda, ta tambaye shi me ya sayo.

"Ba komai, Yaya," ya ce. "Tsumma ne."