Mai Alƙalami Uku

A ƙaramar tashar jirgin ƙasa ta garinsu, Warsini mai sayar da kofi tana kallon wani tsoho da rigar batik mai zanen rini koɗaɗɗiya, da alƙalami uku a aljihu. Tana zaton tsohon ɗan jarida ne. Yana leƙen wayarta, inda sharhin mutum arba'in a intanet ke jinjina wa gwamnati kan shirin korar masu talla daga tashar.

"Baba, har na fara yarda mu ne matsalar," in ji ta.

Yana shafa aljihunsa, idonsa ya tafi nesa.

"'Yata, hannu ɗaya ne ya rubuta su. Duba, duk a minti ɗaya aka rubuta. A zamaninmu ni kaɗai nake rubuta wa jarida wasiƙun masu karatu, amma ko ba komai nakan canja alƙalami."