Baba Zulkifilu Mai Layin Filin Damisa

Kafin rana ta ɗaga, Baba Zulkifilu ya riga ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar bakin fili. Zai tsince duwatsu, ya kori awaki, ya dama farar ƙasa a tsohon bokiti, ya ja igiya ya fitar da layi sambal. Shekara ashirin da shida yana yi wa ƙungiyar ƙwallo ta Damisar Ikara wannan hidima, tun zamanin da mutanen Makarfi da Hunkuyi ke cika motoci ranar wasa, har masu rake su rasa wurin kasa kayansu.

Kakar bana ba ta zo da daɗi ba. Aka ci Damisa wasa tara a jere, koci ya tattara komatsansa, matasa suka koma gidajen kallo suna bin ƙwallon Turai. Baba bai fasa fitowa ko rana ɗaya ba.

Ana jibi wasan ƙarshe aka tafka ruwa, fili ya zama tafki. Jami'an gasa suka ce in bai tsane ba, baƙi za a ba makin, Damisa ta faɗa rukunin ƙasa ba ta ko taɓa ƙwallo ba. Kai ne, Baba, ka naɗe wando ka shiga da fartanya, ka haƙa wa ruwa hanya har kwari. Maƙwabcinka Bobbo ya ga furfura cikin taɓo, ya kasa wucewa, ya ɗauro wa shanunsa amalanke ya yi ta kawo yashi.

Aka buga wasa, aka tashi ɗaya da ɗaya. Nasara Damisa ke buƙata, don haka ta faɗa rukunin ƙasa. Kyaftin Muktar ya zo ya durƙusa gaban tsohon, ido jajir, ya ce sun ba shi kunya.

Baba ya kama kafaɗarsa ya ɗago shi. "Da kun ƙi bugawa ne zan ji kunya. Tashi, Litinin akwai atisaye."

Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki, gwiwa ta gaji. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasan Ikara, Damisa tana ƙasa, fili yana neman mai kula da shi. Baba ya ce duk wanda ya zo da safe, zai koya masa jan igiya.